Yadda zaka gyara karce mai zurfi a bambar motarka da hannunka

Bamba dai ita ce mai shan wahalar mota, duk wani duka a kanta yake karewa. Ko kazo ribas ka goga bango, ko wani yazo fakin ya shafe ka yayi gaba abinsa ko sannu babu, sai da safe ka zagayo kaga layi zuruu a kusurwa. Ni nawa ginshikin siminti ne, ina ribas hankalina na kan waya sai naji kiiii, na fito na duba naga ya kwarzane fentin har bakar robar ta fito, tsawonsa ya kai tafin hannu. Gyaran farko da nayi masa bai kai wata daya ba ya bare, a na biyun ne na gane inda matsalar take, shi yasa zan dan ja bayanin a wasu wuraren, a yi hakuri dani.

Kafin ka sayi komai ka wanke wurin tukuna da ruwa da sabulun wanke kwanuka, shi yafi cire maiko. Sau da yawa abun da kake gani kamar mummunan karce ba naka fentin bane ya tashi, na abun da ka goga ne ya manne a saman naka. Ka dangwali dan man goge fenti a tsumma ka murza, in kaga kalar tana bin tsumman toh ka huta. In layin yana nan, zuba masa ruwa ka kalla. Wanda ya bace lokacin da yake jike sannan ya dawo bayan ya bushe, a kiliya kawai ya tsaya, wato wannan fentin mara kala mai sheki da yake saman komai, shi goge kadai ya ishe shi. Sai gwajin farce, ka ja farcenka ka tsallaka layin, in ya makale kaji kas toh ya shiga ciki. Fentin mota hawa uku ne, firaima a kasa, kala a tsakiya, kiliya a sama, kuma duka ukun in ka hada kaurinsu bai wuce na takardar littafi da wani abun kirki ba. In kaga toka-toka ko fari a cikin layin ka kai firaima, in kaga baki ka kai robar kanta. Wadannan biyun na karshe su muke magana a kai.

Akwai inda zance maka kar ma ka fara. In bambar ta tsage har baya wannan aikin like ne ko narka roba, daban yake. In motar sabuwar fita ce mai na'urar rada a bayan bamba, wadda take gaya maka akwai mota a gefenka, kamfanoni da yawa sun hana a shafa fila, wato kullun cike rami, ko a jibga fenti a daidai wurin saboda yana rikita na'urar, kuma yawanci a kusurwar bambar baya take, daidai inda karce yafi son zama. Haka farin nan mai walkiya kamar lu'ulu'u, irin 070 na Toyota, shi kalar ma kadai hawa biyu ake fesa ta kafin kiliya, da wuya ka dace dashi da gwangwani. Kar garin neman gira a rasa ido.

Lambar fenti

Kar ka taba sayen fenti da ido, wai ai farar mota ce a bani fari. Fari kadai yafi kala goma. Kowace mota tana da lambar fentinta. A Toyota bude kofar direba ka duba sitikar dake jikin ginshikin, zaka ga C/TR sai harufa uku a gabansa, misali 040 fari ne, 202 baki, 1F7 ruwan azurfa. Honda ma a wajen kofar take, irin su NH-731P. Volkswagen kuma yawanci a cikin but take wajen da ake aje taya sifiya, irin LC9X. Da wannan lambar masu hada fenti zasu hada maka su dura a gwangwanin feshi. Amma ka sani ko lambar tayi daidai rana ta riga ta dan kodar da na jikin motar, kuma tun daga kamfani ma kalar bamba takan dan saba da ta bodi, in ka lura da motoci masu ruwan azurfa zaka gani. Don haka kar ka sa rai da dari bisa dari.

Sauran kayan da zaka tanada: samfefa lamba 180, 320, 600, 800, 1500, 2000, in da hali har 3000, mafi yawansu irin wadda ake jikawa. Dan katako mai lebur ko roba mai tauri da zaka nada samfefar a jiki. Fila ta roba da hadinarta, wato sinadarin da yake sa ta daskare, firaimar roba, firaima mai cike rami, kalar, kiliya, maskin tef da takarda, sinadarin cire maiko ko barasar goge-goge ta IPA, tsumma masu tsafta wadanda basa zubar da gashi, man goge fenti, safar hannu da takunkumi.

Yanzu in kana iya leka bayan bambar ka leka, zaka ga an buga wasu harufa a jikin robar kamar >PP< ko >PP+EPDM<. Mafi yawan bambobin yanzu wannan robar ce, kuma halinta daya, bata son komai ya manne mata, kamar ka zuba ruwa a ganyen da aka shafa wa mai. Ka rike wannan, zamu dawo kansa.

Kankare wurin

Karce mai zurfi a roba yakan tada baki, gefe da gefensa ya dan kumburo kamar kunya a gona, wani lokacin har da zare-zaren roba a nade. Sa reza ka aske wannan tudun a hankali. Goge wurin da sinadarin cire maiko kafin samfefa ta taba shi, in ba haka ba kai da kanka zaka tura maiko da tsohon waks cikin robar. Kuma kar ka kuskura ka sa tina, wato ruwan tsinka fenti, a tsirarar roba, robar tana shanta, daga baya ta dinga fitowa ta karkashin fentin tana tada shi.

Fara da 180 a busasshe, a cikin ramin da dan gefensa kadan. Sai ka koma 320 ka fadada kamar yatsu uku ko hudu kowane bangare. Abun da kake nema shine bakin tsohon fentin ya kwanta ya zama gangare, har kaga hawa-hawan sun fito kamar zobe, baki a tsakiya, toka, kala, sai kiliya. Rufe idonka ka shafa da tafin hannu, in kana jin inda fentin ya fara toh da saura. Hannu yafi ido gani a wannan aikin. Kar kayi ta dirza da karfi ko ka sa inji da gudu, robar tana daukar zafi ta narke ta tada wani gashi-gashi mai wahalar kwanciya. Kuma kar kayi da yatsa zalla, yatsa rami yake hakawa, nada a katakon nan.

Daga nan dauki 800 da ruwa ka dusashe shekin duk inda kiliya zata sauka, wato fili mai fadi sosai fiye da karcen. Sabon fenti baya kama wuri mai sheki. Wanke, bari ya bushe karau, sake gogewa da IPA.

Toh ga inda na fadi a karon farko. Ni a tunanina firaima firaima ce, na dauko wadda ake sa wa karfe na fesa kai tsaye a kan bakar robar, aiki yayi kyau har ina kiran mutane su zo su gani. Bayan sati uku na kai wanki, yaron na saita ruwan injin nan mai karfi a kusurwar sai ga fentin ya daga kamar bawon gyambo, na sa farce na ja ya taho gaba daya falle guda, kasan kuwa robar tas kamar ba a taba sa mata komai ba. Aikin baban giwa kenan. Firaimar roba ita ce maganin wannan, ruwa ce garai-garai kusan bata da kala, aikinta kawai ta shiga tsakanin roba da abun da zai hau kai. Ana fesa ta shafal-shafal, hawa daya ko biyu marasa kauri a duk inda roba ta fito tsirara, ka bata minti 5 zuwa 10 ko yadda aka rubuta a gwangwanin. In ka jibga ta da yawa ita ma matsala ce.

Fila

In bayan samfefa ramin ya bace toh tsallake nan. In har yanzu akwai kwari sai fila, kuma ta roba mai lankwasuwa, don bamba motsi take, filar karfe tana bushewa kamar dutse ranar da wani ya jingina da motar sai ta tsage. Da yawa daga cikin filolin suna son firaimar roba a karkashinsu, duba bayanin jikin taka. Hadina kadan ake sawa, kamar kashi 2 cikin 100, in ka zuba da yawa daga baya zata bullo ta saman fentin tayi tabo, musamman a farar mota. Kar ka kwaba a kan kwali, yana tsotse ruwan, samu falle na roba ko karfe mai tsafta. Kuma ba juyawa ake ba, ninkewa ake ana dannawa har kalar ta zama daya, juyawa iska yake tarawa a ciki. Kana da kamar minti 4 ko 5 kafin ta fara daskarewa, in ana zafi ma bai kai haka ba, don haka kwaba kadan. Shafin farko danna shi da karfi ya shiga ramin, na biyu ka dan bar shi ya dara saman bambar kadan. Data fara kama jikinta ka kyale ta, kar kace bari in dan kara gyarawa, yagewa zata yi.

Bayan minti 20 zuwa 30 sai samfefa, 180 ka sauke tudun, 320 ka lallashe. A busasshe, ban da ruwa, fila tana shan ruwa ta boye shi sai bayan an gama fenti ya fito da kuraje. In kaga kananan huji kamar na allura sake shafa dan siriri ka cike su, fenti baya rufe su, kara tona su ma yake.

Rufe inda ba a so feshi ya taba, fitila, madigadi, lamba, taya, da sensar fakin in akwai ta kusa. Ga wata dabara da take raba aikin gwani da na dan koyo, kar ka manna tef dam a zagaye da wurin kamar akwati, zai bar maka layi mai kaifi da ba zai goge ba. Manna takardar ta rufe wurin gyaran, sannan ka nado ta baya yadda bakin zai zama a lankwashe, feshin sai ya shige karkashin lankwasar ya kare a hankali ba tare da iyaka ba.

Wurin aikin ma magana ce. Inuwa, ba iska, ba kura, bamba ba zafi, yanayi tsakanin digiri 15 zuwa 25 shine daidai. In rana ta gasa robar fentin zai bushe tun a iska ya sauka kamar yashi, in kuma akwai laima sosai kiliya tayi hazo. Yayyafa ruwa a kasa don kura ta kwanta. Roba kuma in ka goge ta da busasshen tsumma tana jan kura kamar maganadisu, shi yasa gugar karshe ake yinta a hankali, bangare daya, ba dirzawa ba.

Firaima mai cike rami hawa 2 ko 3, minti 10 tsakani, kowane hawa ya dan wuce na baya fadi. Bar ta ta bushe sosai, ni nakan bari ta kwana. Sannan ka dan watsa mata bakin fenti daga nesa, dige-dige kawai, ka bi da 600 da ruwa a kan katako. Duk inda bakin ya rage toh kwari ne a wurin, duk inda fila ta leko tudu ne. In kalar mai kyalkyali ce karasa da 800 don ita bata boye sawun samfefa ko kadan. In garin haka roba ta sake lekowa, sake mata firaimar roba, kar kace ai dan kadan ne.

Kala

Girgiza gwangwanin minti 2 cikakku bayan ka fara jin karar kwallon ciki, duba agogo, don minti 2 na girgiza yafi yadda kake zato tsawo. Gwada a wani falle daban tukuna, har kiliya ka sa masa, ya bushe ka kara shi a jikin bambar a hasken rana. Gara ka gano kalar bata hau ba a nan da ka gano a jikin mota.

Tazara kamar santimita 20 zuwa 25, kusan taki daya na hannu. Fara danna kan tun kafin ka iso wurin, ka saki bayan ka wuce, hannu na tafiya bai daya, da kafada ake yi ba da wuyan hannu ba, kowane layi ya hau rabin na samansa. Hawan farko zaka ga firaimar na lekowa, zuciyarka zata ce kara, kar ka kara. Jira minti 10 har shekin jikon ya dushe sannan na biyu, sannan na uku, kowanne yana dan fita waje fiye da na baya yadda sabuwar kala zata narke cikin tsohuwa ido ya kasa cewa ga inda ta tsaya. Masu kyalkyali suna da wani hali, in ka matso ka jika su da yawa sai suyi duhu, in ka ja baya suyi haske, don haka hawan karshe ka dan kara nisa ka watsa shi sama-sama don kwayoyin su kwanta daidai. Kala in ta bushe dusu-dusu take ba sheki, kar ka tsorata haka take. Kuma kar ka sa mata samfefa, kar ka taba da hannu.

Kiliya iri biyu ce. Akwai 1K ta gwangwani zalla, saukin aiki amma bata da karko sosai, fetur ma in ya zuba mata yana iya bata ta. Akwai 2K mai hadina a ciki, ita akwai wani maballi da ake cirewa daga murfi a danna a gindin gwangwanin ya fasa hadinar, daga nan kana da kamar awa 48 kafin ta daskare a ciki, don haka kar ka fasa sai ka shirya. Ita tafi kusa da ta kamfani nesa ba kusa ba. Amma tana da sinadari mai illa ga huhu sosai, yana jawo asma, takunkumin takarda ko kyalle baya tare shi sam. Sai mai gwangwanayen tace iska na masu fenti, a waje mai iska, ba yara kusa ba dabbobi. In baka da wannan takunkumin ka hakura da 1K, bamba bata kai huhunka ba.

Bayan kala da minti 20 zuwa 30 sai kiliya, kar ka bari ya kwana. Hawan farko siriri, minti 10, sai na biyu da na uku a jike har kaga sheki ya kwanta kamar ruwa. Nan ne wurin da yafi wuya, don tsakanin yayi sheki da ya zubo kiris ne, ka tsaya ta gefe kana kallon hasken yana bin hannunka. Kiliya ta rufe duk kalar ta wuce, kuma in akwai wani layi ko lankwasa a jikin bambar kai ta can ka tsaya, a nan ido baya kama iyakar. In bambar karama ce ma kiliye ta gaba daya yafi. Cire tef bayan kamar rabin awa tun bata yi tauri ba, kana ja baya-baya.

In ta zubo tayi hawaye kar ka goge, na san hannu zai yi ta kaikayi amma bar ta ta bushe, gobe ko jibi ka aske da 1500 a kan katako. In kaga kananan ramuka zagaye kamar idon kifi toh maiko ne ko man shekin taya ya sauka a wurin, wannan sai an kankare an sake. Kwaro in ya fada shima kyale shi, kafarsa kadai zai bari kuma samfefa zata dauke.

Goge

Ba ta akalla awa 24 in 2K ce, ni kwana 3 nake bari, 1K kuma sati guda don tana dadewa da laushi a ciki ko da sama ya bushe. Jika samfefa minti 15 a ruwa mai digon sabulu. 1500 kadan in saman yayi gurji-gurji kamar bawon lemu, sai 2000, sai 3000, kana share ruwan kana dubawa, da zaran dige-digen sheki sun bace wurin ya zama dusu-dusu bai daya ka tsaya. Kaurace wa kusurwa da bakin lankwasa, fentin wurin siriri ne, shafa biyu zaka ga kala a jikin samfefa, in ka ganta kuwa ka huda kiliyar sai sabon feshi. Sai man goge fenti a tsumma mai laushi kana murzawa, sheki zai fara dawowa a hankali, da hannu zai ci maka kamar rabin awa da ciwon kafada. In da inji ne sa shi a karamin gudu kar ka tsaya wuri daya, karfe yana watsa zafi amma roba rike shi take, nan da nan fentin zai yi laushi ya nade. Ka dinga taba wurin da bayan hannu, in yayi dumi sosai ka dakata ya huce.

Waks kuma ka bari sai bayan kwana 30 akalla, fentin yana ci gaba da fitar da sinadarinsa duk tsawon lokacin, in ka toshe shi zai dushe. Wanki da hannu ba laifi bayan sati daya, amma ruwan injin nan mai karfi ka ce a nisanta shi da wurin na wasu makonni, ni yanzu tsayawa nake a kan mai wankin har ya wuce kusurwar. Ragowar kalar kuma kar ka yar, kifa gwangwanin kai kasa ka danna har iska zalla ta dinga fita don kan ya washe, rubuta lambar fentin da kwanan wata a jikinsa ka aje a inuwa, don bamba ce, akwai wani ginshikin yana jiranta.